Abin da ya kamata ku sani game da agajin iyalan da yaƙi ya raba da gidajensu

Mutumin da ƙarar harbi ta tayar daga barci ba ya tsayawa haɗa kaya. Abin da hannunsa ya kai gare shi, shi ne guzurinsa: uwa da goyo a baya da yaro a hannu, uba wataƙila da tabarma ko tukunya ɗaya. Hatsin rumbu, awaki, takardun makaranta, katin asibiti, duk a can ake barinsu. Haka dubban iyalai suka fito daga Gwoza a watan Agustan 2014, daga Bama a Satumba, daga Mubi a ƙarshen Oktoba, daga Baga a farkon Janairun 2015, lokacin da mayaƙan Boko Haram ke cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka nufi Maiduguri, wasu Yola, wasu suka hau duwatsun Mandara suka gangara Kamaru, wasu suka shiga kwalekwale a Tafkin Chadi, wasu suka tsallaka kogin Komadugu zuwa Diffa. Rikicin da ya ɓarke a Maiduguri a Yulin 2009 ya raba mutum sama da miliyan 2 da muhallinsu, kuma har yau da yawansu ba su koma ba.

Kullum muna ji a rediyo cewa an raba wa 'yan gudun hijira kayan agaji. Sai mu ɗauka alheri ne wani mai hali ya yi, mu sa masa albarka mu wuce. Alherin yana nan, babu musu. Amma a dokar duniya da ta Afirka, agajin nan haƙƙi ne, yana da ma'auni, yana da waɗanda nauyinsa ya rataya a wuyansu. Wanda bai san haƙƙinsa ba, da sauƙi ake danne masa shi. Shi ya sa ya kamata mai karɓa da mai bayarwa da mai kallo daga nesa duk su san yadda abin yake.

A Hausa suna ɗaya muke kiransu da shi, amma doka ta raba su gida biyu. Wanda ya tsallaka iyakar ƙasa, kamar Bagwoza da ke sansanin Minawao kusa da Mokolo a Kamaru, wanda aka buɗe a 2013, ko mutumin Baga da ke sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola a Chadi, ko na Damasak da ke Sayam Forage a jihar Diffa, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ne ke kare shi. Ginshiƙinsu shi ne ba a tilasta wa mutum komawa inda ransa ke cikin haɗari, kuma hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ke kula da lamarinsa tare da ƙasar da ta sauke shi. Wanda kuwa ya gudu daga Bama zuwa Maiduguri bai bar ƙasarsa ba, don haka gwamnatinsa ce ke da alhakinsa kai tsaye, sauran duk masu taimaka mata ne. Saboda irinsa Tarayyar Afirka ta amince da Yarjejeniyar Kampala a 2009, ta fara aiki a 2012, Najeriya kuma ta rattaba mata hannu. Nijar ta yi gaba da kowa a nahiyar, ta mayar da ita dokar ƙasa a Disamban 2018. A Najeriya akwai hukumomin agajin gaggawa, NEMA a tarayya da SEMA a jihohi, akwai hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, ga kuma Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da aka kafa a 2017.

Sai dai kafin kowace hukuma ta iso, akwai wanda ya riga ya buɗe ƙofa. Mafi yawan waɗanda suka gudu a arewa maso gabas ba su taɓa kwana a sansani ba. A gidajen 'yan uwa suka sauka, da na surukai, da na abokan kasuwa, da na mutanen da ba su taɓa gani ba sai ranar. Magidanci mai ɗaki uku a Maiduguri ya wayi gari da mutum ashirin ko talatin a tsakar gidansa. An mayar da zaure ɗakin kwana, tukunyar da ke ciyar da bakwai aka ƙara mata ruwa ta ciyar da ashirin. Wani ya ba da filinsa aka kafa bukkoki, wani ya ba da aron gona. Babu mai ɗaukar hotonsu, sunansu ba ya fitowa a rahoto, amma su ne suka ɗauki mafi nauyin kayan, irin yadda mutanen Madina suka karɓi Muhajirai. Shi ya sa masu aikin agaji da suka san abin da suke yi ba sa raba abinci ga baƙo su tsallake mai masauki. In aka yi haka, ana shuka gaba ne a gidan da aka fara da zumunci.

Ruwa, abinci, da abin auna hannun yaro

Aikin agaji da rajista yake farawa. Ana rubuta sunan mai gida da adadin iyalinsa, sau da yawa a ɗauki hoton yatsunsa, a ba shi kati. Hukumar IOM ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana bin garuruwa tana ƙidayar waɗanda suka gudu tun 2014, domin da alƙalumanta ake tsara ko buhu nawa za a kai ko'ina. Wanda ya iso bayan an rufe rajista, ko matar da mijinta ya tafi da katin, na iya shafe watanni tana kallon rabo daga gefe. Ƙaramin abu ne a takarda, amma a sansani shi ne bambancin ci da kwana da yunwa.

Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi ana kiransa ƙa'idojin Sphere. An tsara su ne daga 1997, bayan abin da ya faru a Goma a 1994, inda kwalara ta kashe dubun-dubatar 'yan gudun hijirar Ruwanda cikin 'yan makonni, ga ƙungiyoyi birjik amma kowa na aikinsa yadda ya ga dama. Ƙa'idojin sun ce kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 na ruwa a rana, na sha da girki da wanka. Kada wurin ɗibar ruwa ya wuce nisan mita 500 daga masauki. Kada mutum fiye da 20 su haɗu a ban-ɗaki ɗaya. Kowa ya samu murabba'in mita 3 da rabi na wurin kwana mai rufi. Abinci kuma ya kai awon kuzari 2,100 a rana. Ku auna da jarkar nan ruwan ɗorawa da muka sani. Iyali mai mutum shida na bukatar lita 90, kusan jarka huɗu ke nan kullum. Wanda ya taɓa ganin layin jarkoki a bakin famfon sansani tun kafin kiran assalatu, kowace an ɗaura mata tsumma ko an yi mata zane da gawayi don kada ta ɓace, yara mata na zaune a kai suna gyangyaɗi, ya san cewa lita 15 ɗin nan ba kullum take cika ba.

Ruwa da ban-ɗaki sun fi abinci gaggawa, ko da yake ba su ne masu daɗin ɗauka a hoto ba. Yunwa na ɗaukar makonni kafin ta kashe babba, amai da gudawa kuwa na iya gamawa da yaro cikin yini ɗaya. A damunar 2017 kwalara ta ɓarke a sansanin Muna Garage da ke bakin Maiduguri, ta bazu zuwa Dikwa da Monguno. Cunkoso ne abincin irin waɗannan cututtuka, shi ya sa rigakafin ƙyanda ke cikin abubuwan farko da ake yi wa yara da zarar an kafa sansani.

Abinci kuma hanya biyu ake bi. Ko a kawo shi a buhu, dawa ko gero ko masara, da wake da mai da gishiri, ko a sa wa mutum kuɗi a kati ko a waya ya je wurin 'yan kasuwar da aka yi yarjejeniya da su ya zaɓa. A nan ne mutane ke yawan yi wa 'yan gudun hijira mummunar fahimta. Za ka ji ana cewa, ai ga kayan agaji can a kasuwa, sayarwa suke yi, ashe ba yunwa suke ji ba. Ku tsaya ku duba. An ba mace buhun dawa. Dawa ba ta ciwuwa sai an niƙa, mai inji kuma kuɗi yake karɓa. Tuwo ba ya dafuwa sai da ice, ba ya haɗiyuwa sai da miya. Ga sabulu, ga maganin zazzaɓi, ga takalmin yaro. Ba ta da ko sisi, to me za ta yi in ba ta auni kwano biyu ta sayar ba? Sata daban, wannan daban. Saboda haka ne inda kasuwa ke ci, ba da kuɗi ya fi ba da buhu: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ɗan kasuwar garin ma ya samu ciniki. Amma a garin da aka toshe hanyarsa, ko lokacin da farashi ke tashi kowane mako, kuɗin kati narkewa yake yi, dole a koma ga buhu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk aikin nan shi ne wani ɗan siririn ma'auni na roba, mai launi uku, da ake naɗa wa yaro a damtse. Ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, in ya nuna kore, lafiya. In ya nuna ruwan ɗorawa, ya fara ramewa. In ya nuna ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11 da rabi ba, tamowa mai tsanani ce, ran yaron na cikin haɗari. Ku haɗa babban yatsa da manuniya ku yi zobe, ku ga ƙanƙantarsa. Kusan kaurin damtsen ɗan shekara biyu ke nan da ake magana a kai. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya koyon awon nan cikin minti kaɗan, kuma ana koya wa iyaye mata su riƙa yi da kansu a gida. Maganin kuwa wani abinci ne na gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, a cikin 'yar leda, ba ya bukatar ruwa ko wuta. Wani likita Bafaranshe, André Briend, na cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi a 1996, kuma a Maraɗi, lokacin yunwar 2005, aka nuna wa duniya cewa da shi za a iya warkar da dubban yara a gaban iyayensu ba sai an kwantar da su asibiti ba. Cikin mako shida zuwa takwas yaron da ba ya iya ɗaga kai sai ka gan shi yana rarrafe. Magani ne, na wanda aka rubuta wa shi kaɗai. Duk ledar da aka raba wa yayyensa don tausayi, ko aka sayar a kanti, daga bakin mai jan awo aka cire ta.

Me ke faruwa in agaji bai isa ba? Bama ta ba da amsa. A Yunin 2016 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka samu shiga garin na 'yan awoyi, suka tarar da mutum kusan 24,000 a harabar wani asibiti, suka ƙirga kaburbura sama da 1,200 da aka haƙa a kusa cikin shekara guda, ɗaruruwa daga ciki na yara ne. Waɗannan mutane sun tsira daga bindiga, yunwa da gudawa suka cim musu a wurin da suka zo neman tsira.

Inda abin ke lalacewa

Kayan agaji kyauta ne. Babu jami'i, ko soja, ko ɗan sa-kai, ko shugaban sansani da ke da ikon karɓar kuɗi kafin ya rubuta suna, balle ya nemi mace da lalata a bakin abinci ko izinin fita. Dole a faɗi wannan da babbar murya domin ya faru. A Oktoban 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da bayanan mata da 'yan mata 43 a sansanoni bakwai na Maiduguri waɗanda masu tsaron sansani da jami'ai suka yi wa fyaɗe ko suka yaudare su. Yawancin mazauna sansani mata ne da yara, mazan an kashe, ko sun ɓace, ko suna tsare. Matar da ke da bakuna biyar a gabanta, ba miji ba wa, ita ce mafi sauƙin cuta. Don haka fitila a hanyar ban-ɗaki, da ƙofa mai sakata, da mace a cikin masu rabon kaya, da wurin kai ƙara a asirce, duk agaji ne kamar buhun shinkafa. Karkatar da kaya ma haka: wanda ya saci abincin marayun yaƙi ya san abin da ya ɗauka wa kansa, kuma wanda ya gani ya yi shiru ya taya shi.

Su kansu ma'aikatan agaji a bakin wuta suke aiki. Ƙa'idarsu, wadda ta samo asali tun kafuwar Red Cross a 1863, ita ce a taimaki mutum gwargwadon bukatarsa, ba a tambayar addininsa ko ƙabilarsa ko ɓangaren da yake. Wannan ƙa'ida ita ce kariyarsu, ita ce kuma ke jawo musu zargi daga kowane gefe. A Satumban 2019 sojojin Najeriya suka rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a arewa maso gabas na wasu makonni bisa zargin taimaka wa 'yan ta'adda. A ɗaya gefen, mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, sun sace ungozomomi biyu da ke aiki da Red Cross a Rann, Saifura Khorsa da Hauwa Liman, suka kashe su a 2018. A Rann ɗin dai, ranar 17 ga Janairun 2017, jirgin sojan sama ya jefa bam a kan sansani bisa kuskure, mutum fiye da 100 suka mutu, har da ma'aikatan Red Cross ta Najeriya shida da suka zo rabon abinci. Idan aka ce ma'aikacin agaji, kada ku hango Bature a farar mota. Mafi yawansu 'ya'yan yankin ne, wasunsu ma 'yan gudun hijirar ne da kansu.

Garuruwa irin su Dikwa, Ngala, Banki, Pulka da Monguno an kewaye su da rami, sojoji na gadi. Abinci na shiga da rakiyar soja, ma'aikata kuma da jirgi mai saukar ungulu. A cikin ramin akwai ɗan tsaro amma babu gona. A wajensa akwai gona da ice amma babu tabbacin dawowa. Manoman shinkafa aƙalla 43 da aka yi wa yankan rago a Koshebe kusa da Zabarmari, a Nuwamban 2020, abinci suka fita nema. Manomin da ya saba cika rumbu ya ba maƙwabci, yau yana tsaye a layi da kati a hannu shekara goma: wannan ciwo ne da ba a auna shi da ma'auni. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma babu wanda ya san haka kamarsa.

Akwai wani ciwon da ya fi wannan shiru. A wurin gudu iyali ke watsewa, uwa ta yi gabas, ɗa ya yi yamma. A 2019 Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta ce an kai mata rahoton ɓatan 'yan Najeriya kusan 22,000, adadi mafi yawa da ta rubuta a kowace ƙasa a lokacin, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓace. Duk wanda ke neman nasa yana iya zuwa ofishin Red Cross ya ba da suna da kamanni da inda aka rabu. Ba a biyan ko kwabo, kuma neman yana tsallaka iyaka zuwa Kamaru da Chadi da Nijar.

Duk wannan aiki da kuɗin gudummawa yake tafiya, mafi yawa daga gwamnatocin Amurka da Turai. Kowace shekara Majalisar Ɗinkin Duniya na fitar da lissafin abin da ake bukata, kuma ba a taɓa cika shi ba. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu, ga yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba mutum sama da miliyan 10 da gidajensu, ga Gaza, ga Yukren, duk a kan tukunya ɗaya. A Yulin 2025 hukumar abinci ta duniya, WFP, ta yi gargaɗin cewa abincin da take ba mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Najeriya na dab da yankewa, a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Arewa maso yamma kuwa dama can ba ta samu irin wannan kulawa ba. Mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina da 'yan bindiga suka kora suna kwana a makarantu da kangwaye da tashoshin mota, dubbai kuma sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun 2019, inda 'yan uwansu Hausawa suka sauke su. Ƙasa mai arzikin Najeriya bai kamata ran 'ya'yanta ya dogara da abin da majalisar wata ƙasa ta yanke ba.

Sansani ba gida ba ne, kowa ya yarda da wannan. A kan haka Gwamnan Borno Babagana Zulum ya sanar da rufe sansanonin gwamnati na Maiduguri daga 2021. Aka rufe sansanin Bakassi a ƙarshen shekarar, na Dalori ya biyo baya a 2022, aka ba mutane kuɗi da kayan abinci, aka gina gidaje a wasu garuruwa. Hujjar gwamnati ita ce zaman jiran rabo na kashe zuciya, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma Human Rights Watch ta ce rufe sansanoni takwas ya shafi mutum sama da 140,000, kuma da yawa ba ƙauyukansu suka koma ba, sun ƙare ne a garuruwan da ke cikin rami ko a bukkokin gefen birni, inda babu rabo babu gona. Yarjejeniyar Kampala ta ba mutum zaɓi uku: ya koma gida, ya zauna inda ya samu kansa, ko ya nemi wani wuri, kuma zaɓin nasa ne, bayan an gaya masa gaskiyar halin da ake ciki. A Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta cinye rabin Maiduguri, Bakassin da aka rufe aka sake buɗewa, waɗanda suka sauki baƙi shekara goma da suka wuce suka shiga layi tare da baƙinsu.

Mai son taimakawa, ya fara da tambaya. Ya je wurin bulama ko mai unguwa ko shugabar mata, ya ji abin da ya fi ƙaranci a makon nan, kafin ya loda tsofaffin kaya a mota. Sau da yawa amsar za ta ba shi mamaki: sabulu, audugar mata, bargo kafin hunturu, kuɗin niƙa, kuɗin makarantar yaro, irin shuka kafin ruwan farko. Ya ba da zakkarsa ta hannun wanda zai iya nuna masa inda ta shiga. Kada ya jera mata a rana don ɗaukar hoto, kada ya sa fuskar yaro a Facebook ba da yardar uwarsa ba. In kuma yana da gona da ba ya nomawa, ko shago da ke neman yaro, ko keken ɗinki da ke ajiye a ɗaki, akwai iyali a unguwarsa da suka zo daga Marte ko Zurmi ko Sabon Birni, sun iya noma, sun iya ɗinki, abin da za su kama kawai suke nema.